Sauya fasalin keke a gida: A bar matasa su gwada, amma a kiyayi wuyan keke

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa a garuruwanmu. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce Naira 1,000 a wurare da dama. Mutane da yawa sun jingine babur, sun kakkaɓe tsohon Phoenix ko Raleigh da ya yi shekaru a zaure. Wasu kuma sun nufi masu sayar da kekunan gwanjo.

Da keken ya dawo, sai ya zo da sababbin buƙatu. Mai burodi yana son kariya mai faɗi. Mai kai ruwan leda shaguna yana son wadda za ta ɗauki buhu biyar ko shida. Ɗalibi yana son giya a keken da aka ƙera ba giya. Wani ya ga bidiyo a waya, yana son ya ɗaura ƙaramin inji. Duk waɗannan buƙatu a kan firam suke ƙarewa, wato ƙashin bayan keken, kuma tambayar ɗaya ce: a taɓa shi ko a bar shi yadda kamfani ya yi shi?

Mutanenmu sun rabu biyu. Wasu na cewa abin da injiniyoyi suka auna, bai kamata yaro da zarto ya sa masa hannu ba. Wasu kuma na cewa ƙarfe ai ƙarfe ne, a kai wa mai walda na bakin titi ya ɗiɗɗiga masa wuta, an wuce wurin.

Ni dai ban tare da ko ɗaya. A ganina firam ɗin ƙarfe abu ne da mai sha'awa zai iya gyarawa da sauyawa a tsakar gidansa, kuma ya kamata a ƙarfafa wa matasa gwiwa su yi. Sharaɗin shi ne su san cewa wuta ce abu na ƙarshe da ake kusantar firam da ita, kuma gaban keke, daga fok zuwa wuya, ba wurin koyon hannu ba ne.

Me ya sa sai na ƙarfe?

Kafin komai, mai karatu ya tabbatar da abin da aka ƙera firam ɗinsa da shi. A cikin kekunan gwanjo akwai na alminiyum da yawa, jefi-jefi ma har da na zaren kabon. Gwajin ba shi da wahala: ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ka ɗora a jikin bututun. Idan ya manne, ƙarfe ne. Idan ya faɗo, to wannan rubutun bai shafi kekenka ba, ka tsaya a kan sauya sirdi da taya.

Dalilin bambancin yana cikin halin kowane ƙarfe. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kafin ya zube. Irin wanda aka fi yin keke da shi, bayan an yi masa walda sai an sake gasa firam ɗin gaba ɗaya a tanda ta musamman kafin ƙarfinsa ya dawo. Idan aka lanƙwasa shi a sanyi kuma, tsagewa yake yi. Zaren kabon kuwa zare ne da danƙo, wuta ƙona shi take yi.

Baƙin ƙarfe yana da haƙuri. Ana iya lanƙwasa shi kaɗan ya zauna a inda aka sa shi ba tare da ya rasa ƙarfi ba. Launinsa a wuta yana nuna zafin da ya kai. Idan zai gaza, yawanci yakan ba da sanarwa: a ji ƙara, a ga fenti ya tsage, ko a ga siririn layin tsatsa a gefen gaɓa. Wannan haƙurin ne ya sa ɗan koyo ke da wurin yin kuskure ya gyara.

Tarihi yana bayan masu taɓe-taɓe

Masu cewa kada a taɓa firam sun manta cewa wasu daga cikin manyan ci gaban da keke ya samu daga hannun 'yan gwaji suka fito.

Keken hawa dutse, wanda yau ya cika kasuwannin gwanjo, a yankin Marin na Jihar Kalifoniya a Amurka ya samo asali cikin shekarun 1970. Matasa irin su Gary Fisher da Charlie Kelly da Joe Breeze suka riƙa tattaro tsofaffin firam-firam na Schwinn na shekarun 1930 da 1940, suna ɗaura musu giya da birki mai ƙarfi, suna gangarowa da su daga kan tsauni. A 1976 suka fara tseren da suka sa wa suna Repack. Da tsofaffin firam-firam ɗin suka kasa jure wahalar, sai Joe Breeze ya ƙera sabo na musamman a 1977.

A Japan, a 1946, Soichiro Honda ya fara ne da ɗaura ragowar ƙananan injinan soja a jikin kekuna a garin Hamamatsu. A iyakar Yuganda da Kenya, kekuna masu ƙarfafaffiyar kariya da matashi a kai su ne asalin sana'ar boda-boda. A nan gida ma, duk wanda ya ga keken guragu da ake ƙerawa a Kano da Jos daga bututun ƙarfe da kayan keke ya san cewa hannun gida yana iya fitar da abin da ke sauya rayuwar mutum.

Akwai kuma darasi daga Biyetnam. A yaƙin Dien Bien Phu na 1954, mayaƙan ƙasar sun ƙarfafa kekuna da katako da gora har suna ɗaukar kaya mai nauyin kilo 200 ko fiye. Abin lura shi ne ba hawa suke yi ba. Sanda suke ɗaurawa a hannun keken su riƙa turawa a ƙasa. Sun san iyakar abin da suka ƙera, kuma sanin iyakar nan shi ne abin da ya fi ƙaranci a wurinmu.

Firam ba ƙyauren ƙofa ba ne

Mai walda na unguwa ƙwararre ne a kan aikinsa: ƙofa, taga, gado, tankin ruwa. Ƙarfen da ya saba da shi mai kauri ne, kuma idan ɗinkin bai yi kyau ba, iyaka ƙofa ta karkace.

Bututun keke wani abu ne daban. Na keke mai araha kaurin jikinsa bai cika wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba. Na keke mai tsada ya fi haka siranta. Tun a 1897 kamfanin Reynolds na birnin Birmingham a Ingila ya yi rajistar fasahar yin bututu mai kauri a baki biyu, siriri a tsakiya. Irin wannan bututun yakan zama milimita 0.9 a bakuna, 0.6 a tsakiya. Daga waje ba ka ganin bambancin, domin a ciki aka rage shi.

Yanzu ka ɗauko sandar walda mai geji 12, wadda kaurinta ya kai milimita 2.5, ka kusanci ƙarfen da bai kai milimita ɗaya ba. Ko dai ta huda shi, ko ta cinye gefen ɗinkin ta bar shi kamar takarda. Idan ta huda, sai a yi ta cike ramin, ana ƙara zafi a kan zafi.

Ko da ɗinkin ya yi kyau a ido, matsalar tana gefensa. Ƙarfen da ke kewaye da walda ya sha zafin da ya sauya halinsa, kuma nan ne ake samun tsagewa. Keke ba ya tsayawa wuri ɗaya kamar ƙofa. Duk taka feda, duk rami, duk tudun rage gudu, firam yana ɗan lanƙwashewa ya dawo. Ƙaramar tsaga a gefen ɗinki haka za ta yi ta tafiya a ɓoye har ranar da za ta gama zagaye bututun.

Akwai wani abin kuma. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix ba da waldar lantarki aka haɗa gaɓoɓinsu ba. Ana zura bututun ne a cikin wani ɗan kwaroron ƙarfe, sannan a narkar da tagulla ta malale tsakaninsu ta riƙe. Idan aka kunna waldar lantarki a kan irin wannan gaɓa, tagullar ciki za ta narke ta gauraye da ɗinkin, a tashi da gaɓar da ta fi ta farko rauni.

Sai kuma ɗabi'ar watsa ruwa a kan ƙarfe da zarar an gama walda don a samu a riƙe shi. A ƙarfen ƙofa ba ta cika yin illa ba. A bututun keke mai inganci, wanda aka gauraya da sinadaran kuromiyum da molibdinam, sanyayawar gaggawa tana sa wurin ya yi tauri ya rasa danƙo, ya zama mai saurin karyewa. A bar shi ya huce da kansa a inda ba iska mai ƙarfi.

Mataki na farko: duba, sannan noti

Kafin a sauya komai, a wanke firam a duba shi a cikin rana. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daidai bayan wuyan keke. Idan ka ji ɗan tudu ko tattara, keken ya taɓa yin karo ta gaba. Duba fok daga gefe: sashensa na sama ya kamata ya bi layi ɗaya da wuya. Cire sandar sirdi ka haska ciki, ka duba ƙasan gidan feda inda ruwa ke kwanciya. Firam ɗin da tsatsa ta ci daga ciki bai cancanci wahalarka ba, amma kada ka yar, zai yi amfani wajen koyo.

Idan firam ɗin lafiyayye ne, to yawancin abin da mutane ke kai wa mai walda ana iya yin sa da noti da maɗauri. Kariya ce babban misali. Shawarata ita ce a ƙera ta daban a ƙasa, da bututu mai kauri ko ƙarfe mai kusurwa, mai walda ya yi mata wuta iya son ransa. Idan ta huce, sai a ɗaura ta a jikin keke da noti: ƙafafunta a kan aksil ko ramukan da ke kusa da shi, gabanta a maɗaurin sirdi. Wuta ba ta taɓa firam ba, kuma ran da kariyar ta lalace sai a kwance a sa wata.

Haka mariƙin gorar ruwa, kwandon gaba, mazaunin yaro da maƙalar igiyar giya. Duk suna zama da maɗaurin ƙarfe, a sa yankin tsohon tub a ƙarƙashi don kada fenti ya kuje. Wanda kayansa ya fi ƙarfin kariya, ƙaramin kura mai taya biyu da ake ja a baya ya fi masa alheri a kan tara wa keken rodi.

Mataki na biyu: lanƙwasa a sanyi

Mai son sa giya yakan tarar sabuwar tayar baya ta fi gurbin da ke firam faɗi. Keke marar giya yawanci tazarar ƙafafunsa na baya milimita 110 zuwa 120 ce. Mai giya biyar 120, mai shida ko bakwai 126, keken tsere da ya biyo bayansu 130, na hawa dutse 135.

A firam na ƙarfe ana buɗa wannan tazara ba tare da wuta ba. Ana samun dogon ƙarfe mai zare da noti biyu da washa, a sa a mazaunin aksil, a riƙa juya notin daga ciki a hankali. Ƙarfe yana komawa baya idan an sake shi, don haka sai an ɗan zarce, a sassauta, a auna, a sake. A ɗaure ƙananan gadojin da suka haɗa ƙafafun da igiya mai ƙarfi don kada su ɓalle. Daga 126 zuwa 130 milimita biyu ce kacal a kowane gefe. Daga 110 zuwa 135 kuwa an yi nisa, gara a nemi tayar da ta fi kusa da gurbin.

Bayan an buɗa, dole a tabbatar ba gefe ɗaya ne kawai ya tafi ba. Ɗaura zare a mazaunin aksil na dama, ka zagayo da shi ta gaban wuyan keke, ka dawo ka ɗaure a na hagu. Auna tazarar zaren da bututun sirdi a kowane gefe. Idan sun yi daidai, firam ya miƙe. Sannan a daidaita mazaunan aksil biyun su fuskanci juna sak, in ba haka ba aksil zai riƙa lanƙwashewa yana cin boris.

A kuma kula da girman taya. Rim ɗin tsohon keke mai lamba 28 faɗinsa milimita 635 ne, na keken tsere 622, na hawa dutse mai lamba 26 kuma 559. Wanda ya sa ƙaramin a gurbin babban zai tarar birki ba ya kai wa rim, feda kuma ta matso ƙasa da kusan santimita huɗu, tana jiran kwana ta farko ta daki kwalta.

Mataki na uku: liƙin tagulla

Idan lallai sai an manna wani abu a jikin firam, kamar kunnen ɗaura kariya, ko za a gyara ƙafar baya da ta ɓalle, hanyar da ta dace ita ce liƙin tagulla da wutar gas. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900, baƙin ƙarfe kuwa sai kusan 1,500. Ke nan bututun ba ya narkewa, tagullar ce ke malalewa ta kama shi. Akwai kuma sandar azurfa da ke narkewa ƙasa da digiri 700, wadda ta fi dacewa da siraran bututu, sai dai tana da tsada.

Wannan fasaha tana nan a garuruwanmu. Masu gyaran jikin mota da masu gyaran lagireto da firji suna aiki da wutar gas kullum. Amma a yi hattara da abu ɗaya: jar sandar da masu firji ke haɗa bututun jan ƙarfe da ita tana ɗauke da sinadarin fosfaras. A kan baƙin ƙarfe tana yin gaɓa mai saurin karyewa. Ba ita ake nufi ba, sandar tagulla mai ruwan ɗorawa ake nufi, tare da garin boraks da ke hana wurin yin baƙi.

Sirrin aikin tsafta ne da haƙuri. A goge fenti da tsatsa da maiƙo har ƙarfe ya yi fari. Abubuwan da za a haɗa su zauna daram a kan juna, domin tagulla ba ta son babban giɓi. A riƙa yawo da harshen wuta har wurin ya yi ja. Idan ya koma ruwan lemo mai haske, ko farin hayaƙi ya fara tashi daga tagullar, zafi ya yi yawa. Bayan ya huce, a wanke ragowar boraks da ruwan zafi, a goge da buroshin ƙarfe, a shafa jan fentin hana tsatsa, a ɗiga mai a cikin bututun.

Kada aikin farko ya zama a kan keken da za a hau. A nemi mataccen firam wurin 'yan gwangwan, a yi gaɓa goma ko ashirin. A sa kowace a daka da guduma, a yanka wasu da zarto a ga ko tagullar ta shiga ciki ko a baki kawai ta tsaya. Idan bututun ne ke lanƙwashewa gaɓar tana nan, hannu ya fara faɗawa.

Walda ta gaske a jikin siririn bututu kuwa aikin waldar argon ce a hannun wanda ya saba da ita. Mai koyo ya bar wannan tukuna.

Inda ba a wasa

Idan ƙafar baya ta tsage, akwai sauran uku da ke riƙe da taya. Keken zai yi lilo, taya ta goga, mahayi ya samu damar tsayawa. Idan fok ya karye ko wuya ya rabu da firam, babu abin da ke riƙe da gaba. Fuska da ƙeya ne ke fara isa kwalta, kuma kaɗan ne a cikinmu ke sa hular kwano a kan keke.

Saboda haka ina ganin akwai abubuwan da bai kamata ɗan koyo ya yi ba ko da an roƙe shi. Kada a ƙara wa fok tsawo don ado, domin tsawon yana ƙara ƙarfin da ke murɗa wuya, yana kuma sauya yadda keke ke shan kwana. Kada a yi walda a sandar fok da ke cikin wuya, inda ido ba ya ganin tsaga. Fok ɗin da ya tattare a karo a sauya shi, kada a taka da ƙafa a miƙe. Kada a liƙa mazaunin birkin faifai a fok ɗin da ba don shi aka yi ba, domin irin wannan birki a ƙafa ɗaya yake zuba ƙarfinsa, can ƙasa inda fok ya fi siranta.

Kada a huda rami kusa da gaɓa. Kada a yanke bututun sama don a mayar da keken maza na mata, domin ƙarfin firam yana cikin siffarsa mai kusurwa uku, kuma kekunan da aka ƙera ba wannan bututun an ƙarfafa su ta wani wuri. Sandar sirdi ma tana da layin da ba a ɗaga ta ya wuce.

Batun inji kuma lissafi ne. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da birki zai tsayar ya ninka huɗu. Keken da aka yi don gudun kilomita 20 a awa, idan inji ya kai shi 40, birkinsa da fok ɗinsa da sifok ɗinsa ba su san da zancen ba. Birkin sanda a kan rim na ƙarfe ko a gudun feda ma da kyar yake kamawa idan ruwan sama ya jiƙa shi. Ga girgizar inji da ke kwance noti tana gaggauta tsagewa.

Nauyi ma haka. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne. Keken Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief ta tsara musamman don karkarar Afirka, iyakar abin da aka ƙayyade wa kariyarsa ke nan, alhali firam da rim da sifok duk don ɗaukar kaya aka yi su. Ƙarfafa kariya kaɗai ba ya ƙarfafa sauran keken. Kuma kayan da ya zarce bayan aksil yana ɗage tayar gaba, sai a ji kan keke ya yi sakayau.

Lafiyar mai aikin

Bututun ruwa mai farin rufi yana da araha, shi ya sa ake yawan yin kariya da shi. Rufin nan sinadarin zinki ne, hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki sa'o'i kaɗan bayan an shaƙa. A goge rufin kafin wuta, a yi aikin a fili. Wasu sandunan azurfa suna ɗauke da kadmiyum, wanda hayaƙinsa guba ne, a tambaya kafin a saya. Tsohon fenti ma a kankare shi, kada a ƙona.

Hasken waldar lantarki yana ƙona ido, kuma sai cikin dare ake jin kamar an zuba yashi. Tabarau na rana ba ya karewa. Tukunyar kabaid da ake haɗawa a gida tana iya fashewa idan wuta ta koma ta cikin tiyo, don haka ba abin ajiyewa a tsakar gida ba ce inda yara ke wasa, balle kusa da jarkar man janareto.

Ga masu cewa talaka ba shi da zaɓi

Na san za a ce wannan duk zancen mai hali ne, wanda abincinsa na yau ke kan keken ba zai tsaya neman sandar tagulla ba. Maganar tana da nauyi. Amma hanyoyin da na fi ba da ƙarfi a kansu, noti da maɗauri da zare, su ne mafi araha. Fok na tsohon keke yana cikin kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, idan aka kwatanta da ɗorin karaya da makonnin zama ba aiki. Talaka ne ma ya fi kowa asara idan garin neman gira aka rasa ido.

Masu cewa a bar wa ƙwararru kuma, sai su faɗa mana daga ina ƙwararrun za su fito idan ba a bar kowa ya koya ba. Muna da masu faci da masu ɗaure sifok a kowace unguwa, muna da maƙera a Panteka ta Kaduna da ke ƙera injina da hannu. Abin da ya rage shi ne a haɗa hannun da ilimin siririn bututu. Hukumar NBTE da ke Kaduna da asusun ITF da ke Jos da kwalejojin fasaha na jihohi za su iya shirya gajeren kwas na 'yan makonni a kan liƙin tagulla da daidaita firam, a buɗe shi ga masu gyaran keke da ke bakin aiki. Ƙasar da ke shigo da kekuna daga Sin da Indiya ba ta rasa kasuwar kekunan dakon kaya da aka ƙera daidai da hanyoyinta.

Akwai kuma batun amana. Wanda ya yi wa firam aikin wuta, ya shafe da fila da sabon fenti, ya sayar bai faɗa ba, ya ɗora wa ɗan wani haɗarin da shi ya ƙi ɗauka. Duk gaɓar da aka gyara a bar ta da siririn fenti yadda tsaga za ta nuna kanta, kuma a nuna wa mai saye.

Idan an gama aiki, kada a fara da babban titi. A ɗora kaya a jijjiga keken a tsaye, a saurara. A hau a fili a hankali, a sassauta riƙo a ga ko yana ja gefe ɗaya. A gwada birki da kaya a kai. A watan farko a riƙa goge wurin da aka taɓa duk mako ana dubawa a cikin haske. Uban da ɗansa ya ɗauko zarto da tsohon firam kada ya kore shi. Ya samo masa mataccen firam na koyo da tabarau na walda, ya kuma gindaya masa sharaɗi ɗaya: ya yi gwajinsa a baya, fok da wuya ya bar su yadda ya same su.